Me Ya Koro Ka?

Ranar da aka ce jikana na cikin talabijin ɗin Sule mai shayi,
na bar surfe rabi, na ja mayafi,
na zauna bayan samari a kan buhun gawayi.
Ga Turawa tuli, ga baƙaƙe dogaye kamar karan dawa,
kowa da takarda manne a ƙirji.
Aka buga bindiga, suka kwasa a guje.
Na ce, subhanallahi, gobara ce?
Aka ce, a'a Goggo, wasa ne.

Wasa.
Ni gudu uku na sani a duniya:
na kwashe shanya in hadari ya taso,
na mahaukacin kare,
sai wanda na yi da yaron nan goye a bayana
daren da ƙyanda ta so ɗauke shi.

Yana ɗan shekara shida ubansa ya tafi da shi Ingila.
Ƙafafu kamar tsinken tsire,
ɗan akuya ma yakan riga shi bakin zaure.
Yau ga shi da tutar mutanen can a riga,
mai sharhi na kiran Nafi'u
kamar wanda atishawa ta kama.

Na tambayi Sule, ina za su?
Ya ce, ba ko'ina, zagaye ne,
sai dai ya kai daga nan Daura zuwa Mashi.
Mashi! Na taɓa taka ta da ƙwaryar daddawa a ka,
mun fita da asuba, magariba ta riske mu a hanya.
Shi awa biyu da 'yan mintoci,
wai kuma ya makara.

Na bakwai ya zo. Samari suka yi tsaki, suka tashi.
Ba su ga abin da na gani ba:
leɓen ƙasa da ya cije tun daga rabin tafiya,
sak marigayi Malam Gambo
in yana huɗa a fako.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki.
Sau biyu ya ci, ya aiko hoto da ƙarfe a wuya,
na soke shi a jikin madubi.
Sau ɗaya ya zube saura ƙiris,
aka naɗe shi a takarda mai ƙyalli kamar balangu,
na kwana ban ci tuwo ba.
Daga nan agara ta tsinke.
Aka ɗinke, ta sake.

Bana ya zo.
Hausar ta zube, sai gaisuwa da sunan abinci.
Na dama masa fura, na ce miƙo ƙafar.
Na ɗora ta a cinya:
farce uku babu, diddige kamar dutsen niƙa,
ga ɗinki ya hau dunduniya kamar bakin buhu.
Ina shafa man kaɗanya na ce,
kai, tsakani da Allah, me ya koro ka?

Ya daɗe yana tsintar kalmomi ɗaya-ɗaya.
Ya ce, Goggo, can kowa tambaya, kai ɗan ina.
In ina gudu, babu tambaya.

Ban ce komai ba. Na ce kawo ɗayar.

Yanzu kullum bayan sallar asuba nakan ji ƙarar sakata.
Ya bi hanyar Zango yana ɗan ɗingishi,
yaran unguwa huɗu a bayansa, ɗaya da silifa wari-wari,
har da 'yar Indo mai ƙosai, ta ɗaure zane tamau.
Ni ko na hura wuta, na ɗora koko,
na ƙara ruwa,
don ba shi kaɗai zai dawo ba.