Inci Biyu

Su suna wasa a kan ƙanƙara, ni ina wasa ƙarfe.
Ɗakina na ƙarƙashin bencin 'yan kallo,
dutse mai juyawa, tartsatsi, warin safa.
Yaran garin nan da ƙafa na san su kafin fuska.
Kellan Wasylyk ya fara kawo mini takalmansa yana shekara shida,
'yan mitsil, sai ka sa su a aljihun kwat.
Yau yana sha takwas, lamba bakwai yake sawa,
a nan ƙafar ta tsaya tun hunturun bara waccan.

Ka taɓa ganin ruwa ya sami tsaga a bango?
Haka yake bi tsakanin ƙatti biyu,
baƙin faifan nan manne da sandarsa kamar ya ci masa bashi.
Mai tsaron raga na duban hagu,
jar fitila ta riga ta kama a bayansa.
Arba'in da ɗaya ya ci a kakar bana.
Ina da littafi, na ƙirga.

Sai ranar awo.
Marlys, mahaifiyarsa, ta ce a kan katako ya kwana,
wai ƙashin baya na miƙewa da dare.
Ya sha ruwa kwalba uku kafin ya hau sikeli.
Aka ce cire safa. Aka ce sauke diddige.
Ƙafa biyar da inci takwas.
Mutumin da ya zo daga birni, kofin takarda a hannunsa,
ya rubuta kalma guda, na leƙa ta kan kafaɗarsa:
ƙarami.
Tafiyar awa tara ya yi cikin dusar ƙanƙara
don ya rubuta abin da ƙofar gidansu ta daɗe da sani.
Ya ce da ma da ƙarin inci biyu.

Ban ce ƙarya ya yi ba.
Ina nan daren Janairu da Dayton Froese,
wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofata,
ya haɗa shi da katangar fili.
Gilashi ya girgiza, mutum dubu biyu suka yi tsit.
Ni na kwance masa igiyar takalmi, hannunsa ya ƙi ɗaguwa.
Mako biyar yana jinya.
Ya dawo, ya ci biyu a daren farko.
In kai ne da biro, wane daren za ka rubuta?

Ran zaɓe muka taru a shagon abinci na fili,
talabijin a sama, dankali na hucewa a faranti.
A zagaye na uku aka kira Froese, shi da ya ci tara.
Mai sharhi ya ce hannu ana koyar da shi, tsawo kuwa sai an haife ka.
Kellan ya tafa masa, kuma da gaske ya tafa.
Na biyar. Na shida.
Mahaifinsa ya fita duba motar da ba abin da ya same ta.
Na bakwai ya ƙare,
aka sa tallar taya.

An ce kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.
Na kusa faɗa masa, sai na haɗiye.
Allura ba ta da haƙarƙari,
ba ta da uwa mai tattara faranti ba ta kallon kowa.

Watan Yuni ne, an narkar da filinmu, siminti tsirara.
Da asuba na ji ana buga ƙofa.
Akwai ƙanƙara a Weyburn, in ji shi, wani kulob zai gwada yara,
kowa da kuɗin mansa.
Ya ajiye takalman a kan teburina.
Ka zurfafa bakin, Orest, ina so ya ƙara cizo a kwana.
Na ce zai rage maka gudu.
Ya ce na sani.

Na kunna dutse.