Zuriyar Ni

A garejin wani gida a Dayton
Darlene na zaune kan akwatin da ya shekara talatin ba a buɗe ba,
tana harar jikanta Corbin
da ya ɗaga waya sama da kansa yana gyara murmushi.
"Ku dai zuriyar Ni ce," in ji ta.
"Ni da safe, ni da dare, ni har cikin mafarki."

Yaron bai yi fushi ba. Ya latsa wayar,
ya nemo kalmar, ya karanto a hankali
kamar mai karanta wa majinyaci takardar likita:
laƙabi ne da aka manna wa matasan shekarun saba'in,
masu son kansu, masu tara kaya.
Ya ɗago ido.
"Kaka, shekarunki nawa a lokacin?"

Shiru.
Tsohon firijin da ke lungu ya yi tari.

Sai suka shiga buɗe akwatuna.
Takalma ƙafa ashirin da bakwai, wasu ko ƙasa ba su taɓa taka ba.
Keken motsa jiki da ya koma maratayar riguna.
Kaset-kaset na koyon yadda mutum zai gano kansa,
kai ka ce ɓata ya yi a kasuwa.
Madubi uku.
Can ƙasa, wasiƙar mahaifiyarta,
wadda ta tsufa tana ɗaure ƙusa a masana'anta,
rubutun ya koɗe amma harshen na nan da kaifinsa:
*Ke ba ki san kowa ba sai kanki.
Wata huɗu ba ki leƙo ni ba.*

Darlene ta ninke takardar gida huɗu,
ta sake buɗewa.
Laifi tudu ne, haka ne,
amma wannan tudun gadonsa ake yi:
kowa ya hau da furfura
ya hango na ƙasa yana duba fuskarsa a ruwa.

To ma'anar ke nan, in ka tambaye ni.
Hula ce. Idan ta matse wa tsoho kai
sai ya cire ya kifa wa yaro.

Da yamma motar kwasar gwanjo ta iso.
Corbin ya ce su yi hoto kafin a kwashe.
Ta tsuke baki, ta shafa gashi,
ta leƙa gilashin wayar.
"Matsa kaɗan," ta ce,
"ban fito sosai ba."