Rijiyar Baba Tana Tsaye a Gulbi

Rijiyar da babana ya gina a tsakiyar garka
yau tana tsaye a tsakiyar gulbi,
zobba bakwai na siminti, ɗaya bisa ɗaya,
tsirara, ba ƙasar da za ta rufa musu asiri.
Dā sai an sunkuya ake ganin cikinta.
Yanzu sai an ɗaga kai.
Balbela ke kwana a bakinta.

Taki arba'in da biyu daga rijiya zuwa gaɓa,
haka na ƙirga ina yaro, da butar ban ruwa a hannu.
Gulbin Maraɗi bai yi gaggawa ba.
Kowace damina ya gutsuri lomarsa:
fangalin albasa, layin zogale,
lemun tsami biyu,
sai mangwaron da muke la'asar a gindinsa.
Ba ya sallama. Cikin dare ka ji tim,
kamar an sauke buhu daga amalanke,
da safe ka tarar gadonka ya rage tsawo.

Bana da rani muka ce ya isa.
Kamiyo ya juye duwatsu a bakin hanyar Jiratawa.
Mu goma sha ɗaya ne, Tasalla mai kunu ta sha biyu.
Muka saƙa keji na waya, ba don kaji ba.
Barmo ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
wa ya taɓa ɗaure dutse don kada ya gudu?
Na ce, wanda ya ga gulbi a watan takwas.

Waya ta ci tafin hannuna,
har yau ba na iya murza tuwo da kyau.
Keji bisa keji, hawa uku,
bayansu buhuna cike da yashi,
yashin gulbin kansa, da nasa muka tare shi.
Can sama muka dasa jema da gamba,
muna ba su ruwa da cokali kamar majinyata.

Ya zo daga kudu ranar wata Laraba, ja wur,
ɗauke da leda, gawar akuya, rabin dangar wani.
Ya daki kejin. Ya shinshina. Ya sake duka.
Sai ya juya kafaɗa.
Muka yi kabbara, Barmo har da rawa a taɓo.
Na yi barci daren nan kamar wanda ya biya bashi.

Kwana uku, da hantsi, na hangi ƙetare.
Gwaibar Nomau tana kwance, saiwoyinta a sama.
Ruwan da na kora bai koma girgije ba.
Yunwarsa na nan, akushi kawai ya canza.

Nomau bai zage ni ba, da ma ya zaga.
Da ruwa ya sauka zuwa gwiwa ya naɗe wando ya haye,
ya zauna bisa kejina, ya shafa wayar,
ya ƙirga hawa ukun da haɓarsa.
Ya ce, jikka nawa ne damin waya?
Na faɗa masa, ina kallon yatsun ƙafata.

In an cire amfani zan haye da almakashin wayata.
Na sani, ƙasa da Nomau akwai Ɗan Tani,
ƙasa da Ɗan Tani akwai makabarta,
su kuma ba su da bakin tambayar kuɗin waya.

Jiya na leƙa bayan kejin farko.
Laka ta taru, kamu ɗaya da yatsa biyu,
baƙa, mai laushi, ban san gonar wa ba ce.
Tumatir ya tsiro a ciki, ba wanda ya shuka shi.
Na yi masa ƴar danga da karan dawa.
Rijiyar Baba tana kallona daga tsakiyar yashi,
taki goma sha tara.