Ragowar Darasi

Malam Tanimu ya rubuta a allo:
abin da ke kwance, kwance zai zauna
sai an taɓa shi.
Muka tuna Baffa Shekarau a gindin tsamiya, muka ƙyalƙyale.
Bai ƙarasa ba aka kaɗa ƙararrawa.

Ranar kasuwar Maigatari
na ɗare amalanke, kan buhunan riɗi.
Yashi ya riƙe taya, ya ce ba inda za ki.
Shanu na ja, samari uku na turi,
da ƙyar ta motsa.

A gangaren kududdufi
bijimi ya turje.
Amalanke ta tsaya cak,
ni ban tsaya ba.
Sai ga ni a kunyar gyaɗa, baki duk ƙasa.

Malam, ba sai ka ƙarasa ba.
Haƙorina ya haddace.