Awon Duna

Ranar Talata Alhaji ya ce in kai shi.
Ba ciwo yake ba, in ji shi,
awo ne kawai, kafin a haɗa shi da macen da aka kawo daga Jos.
Muka hau bayan a-kori-kura, ni da Duna,
kansa ya kai na ɗan maraƙi,
yara na bin mu da ido tun daga Barhim har Ƙofar Ƙwaya.

Shekara huɗu muna raba dare,
ni da gora da tocila, shi da haƙora.
Ban taɓa bari ya lashe ni ba,
tabarmar sallata tana can saman ƙusa.
Amma in shirunsa ya yi tsawo
ni ke tashi in leƙa.

Yana da takarda, Duna.
Ubansa, kakansa, kakan kakansa,
duk an rubuta, an buga hatimi.
Ni Mati, daga kakana Ɗangoje lissafi ya ƙare.

Likita Baturiya ta aske masa gefen ƙirji,
ta shafa wani abu mai yauƙin kuɓewa,
ta ɗora na'ura.
A allo sai ga wani abu toka-toka
yana buɗewa, yana rufewa,
kamar bakin tarwaɗa a ragowar ruwan kududdufi.
"Ka gani?" Ban gani ba.
Ta cire abin saurare daga kunnenta, ta sa a nawa.

Na ji.
Ba lugude ba ne, taɓarya na amsa taɓarya.
Dum, dum, sai wani shuu a tsakani,
zugazugin maƙeri da fatarsa ta huje.

"Zuciyar ta buɗe, bangonta ya sirance.
Gadon gida ne. Manyan nan haka suke,
an tsare jini kada ya gauraya,
ciwon ma ya samu wurin zama."
Ƙwaya safe da dare. Ban da gudu cikin rana.
Ban da mace, kada ya bar wa 'ya'ya.

Ashe girman zuciya ma cuta ne.

Ina gyara sarƙa, sai ta dube ni, ba shi ba.
"Baba, tun yaushe ƙafafun nan suka kumbura?"
Na ce takalmi ne.
"Kana haki, daga ƙofa zuwa nan taku ashirin ne."
Na ce jan kare ne.
Ta yagi takarda, ta rubuta wani suna:
babban asibiti, ranar Alhamis, da sassafe.

Babana a kunya ya faɗi, fartanya a hannu.
Aka ce kwana ya ƙare.
Yayana Lawandi a ƙofar masallaci,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
Aka ce kwana ya ƙare.
Haka ne kuwa.
Sai dai ba wanda ya taɓa kasa kunne a ƙirjinsu.
Mu namu gadon ba hatimi.

Alhaji ya ji bayani ta waya, ya ja tsaki,
ya lissafa abin da ya kashe, ya ce a nemo wani.
Bai ce a kori wannan ba.
Ni ma ban tuna masa ba.

Yanzu ƙarfe biyun dare.
Na cusa ƙwayar cikin lomar tuwo, ya haɗiye.
Takardar tana aljihu, gumi ya tausasa ta.
Ya kwanta can gefe, ya san iyakarsa,
haƙarƙarinsa na hawa, na sauka.
Na zura hannu cikin riga,
ina lalube ko zan ji shuu ɗin nan,
sai wani abu ya motsa bayan katanga.
Duna ya ɗaga kai, ya yunƙura.

Na ce, kwanta.
Ni zan duba.