Ƙarƙashin Motar Attayyib

Attayyib ya iso da hantsi,
laka har wuyan fitila,
baƙar lakar Gadarif mai riƙe taya kamar mai bin bashi.
Bai ko kashe inji ba ya leƙo:
"Usta, tayar gaba ce, duba min iska."

Na ce matsa, ba ni sitiyari.
Taya ba ta kukan tsako.

Muka bi bayan kasuwar riɗi sannu a hankali.
A giya ta biyu, cik-cik-cik, ɗan tsako a cikin kwali.
Na sa ozilari, na taka mai,
kujera ta kama rawar ɗari,
madubi ya dama fuskata kamar kunu.
Na ɗage ƙafa, sai ƙwas! daidai diddigena.
Na ce mu koma, ta gama ba da bayani.

Na shimfiɗa buhu, na shige a rigingine.
Ban nemi jak ba.
Motar da ya ɗaga kamu guda a bara
rumfa ce yanzu, har akuya kan yi ƙailula a ciki.
Sifirin dogaye, taya kamar ta tarakta,
wai don kada cikinta ya taɓa taɓo
a hanyar gonarsa ta Doka.

Na kama furofelar gaba da hannu biyu,
na murɗa dama, na murɗa hagu.
Ta yi min wasa, wasan haƙorin tsoho.
Jar ƙura a bakin kuros,
ja wur kamar garin barkono,
ƙarfe ne ya ci ɗan'uwansa babu mai.

Mudassir, miƙo sha huɗu.
Ba wannan ba, mai lanƙwasar.
Kawo alli kuma.
Kafin in taɓa noti sai na ja layi a mahaɗa,
domin ƙarfe yana da ƙabli da ba'adi,
in ka mayar da shi a karkace
zai yi maka rawa har Kasala.

Noti uku suka bi umarni,
na huɗu sai da ya sha baƙin mai da guduma.

A kan benci na fasa kofin.
Alluran da ya kamata su fito a jere, suna sheƙi,
sai suka zubo a tafina, tsaki-tsaki.
Na kai wa Attayyib har gindin dalbejiya
inda Hauwa'u Maijabana ke tsiyaya masa ta biyu.

Na ce ka gani?
Ka ɗaga jiki, ka bar gatari a ƙasa.
Sandar da aka ƙera ta kwanta
ka sa ta ruku'u shekara guda.
Ko ka sauke ta yatsa uku,
ko ka aika Bur Sudan a nemo doguwa mai gaɓa biyu.

Ya kurɓa, ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa.
"Riɗina na jiran ciyawa ta cinye shi.
Sa sabo kawai, Usta. Bayan girbi."

Bayan girbi.
Haka ya ce da birki.

Na danna sabon kuros da matsi, kofi bayan kofi,
numfashi a riƙe kada allura ɗaya ta kwanta.
Zobe ya ce ƙyas a raminsa.
Alli ya sadu da alli.
Na bunƙa giris har ya tsattsafo ta kusurwa huɗu,
na goge da gefen rigata.

Ya tafi, shiru kamar ba ita ba,
ruwan farko na ɗiga a kan kwanon gareji.

Na ce Mudassir, gobe in ka je wurin Annur mai kayan gyara
karɓo min irin wannan guda ɗaya.
Rubuta Attayyib a kwalin,
ka ɗora shi can sama, bayan gwangwanin noti,
inda damshi ba ya kaiwa.