Rufina Daɓensu Ne

Gidan haya mai hawa uku a Gyaɗi-Gyaɗi,
ni a ƙasa, su Barira a samana.
Abin da suke takawa, shi nake kallo in na kwanta.

Aikin dare nake a gidan burodi,
in dawo da hantsi, idanu ja kamar gauta.
Da na sa haƙarƙari a katifa
sai taɓarya ta ce: dum.
Ba a kunne take sauka ba, a ƙashin baya.
Siminti ba ya riƙe sirri.
Abin da aka faɗa masa a sama
sai ya sauko da shi ta ginshiƙi,
har cokali a kofin shayina ya kama rawar ɗari.

Na san mijinta da takalmi sau-ciki,
na san ranar da ake jan kujeru domin baƙi,
na san murfin tukunya in ya faɗi
yana juyi, yana juyi,
kafin ya yarda ya kwanta.
Sau biyu na hau na yi sallama,
kunya ta sauko da ni da "ina gajiya".

Sai Tanimu mai tayil ya zo duba tsagewar daɓensu.
Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce:
"Ƙara ba ta da ƙafa, aro take yi.
Hana ta abin takawa."
Muka hau adaidaita zuwa Ƙofar Ruwa,
muka sayo shimfiɗar baƙar roba ta niƙaƙƙiyar taya,
kaurinta bai kai yankan burodi ba.
Ya shimfiɗa, ya tanƙwasa bakinta ya hau bango,
don kada sabon daɓe ya taɓa gini ko da gaisuwa,
sannan ya zuba siminti, ya jera tayil.
Turmi ma aka yanka masa nasa matashin.
Mai gidan ya biya rabi, da ƙyar, da tsaki.

Yanzu ina barci har azahar.
Tayar da ta gama cin titin Zariya
ita ke haɗiye sawun mutane a kaina.

Sai dai jiya, a ƙasan matakala,
na haɗu da Barira, ɗanta Sagiru a gaba,
a tsaye, da ƙafarsa, tangal-tangal.
Na ce, "Yaushe?"
Ta ce, "Ai yau kwana goma sha biyu."
Ni da na ji rarrafensa tun ranar farko,
gwiwa da tafi, gwiwa da tafi,
ban ji takunsa na fari ba.